Filin Tambaya da Amsa: Yadda Zaiba, Azurfa da Jan Ƙarfe Suke Ɗaure Zaren DNA

Wasiƙun wannan karon sun karkata ga fanni guda, wato cusa ayon na ƙarfe a tsakiyar DNA domin ya ɗaure zare biyu a inda haruffan gado, wato A, T, G da C, ba sa iya riƙe juna da kansu. Ayon ƙwayar zarra ce mai ɗauke da cajin lantarki. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma haɗa masu kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ni ɗalibar ilimin sinadarai ce. Abin da aka koya mana shi ne A ba ta haɗuwa sai da T, G kuma sai da C. Sai ga shi na ji ana cewa T tana haɗuwa da 'yar'uwarta T in akwai zaiba a ruwan. Wannan bai rushe ƙa'idar ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, malama. Ƙa'idar tana nan daram, sai dai ƙa'ida ce ta ɗaurin haidurojin kaɗai. A tufkar DNA, wato zare biyu da suka naɗe juna kamar yadda Watson da Crick suka bayyana a 1953, a yau an san A da T suna riƙe juna da ɗauri biyu, G da C da uku. Kullum harafi mai zobe biyu, A ko G, shi ke fuskantar mai zobe ɗaya, T ko C, shi ya sa faɗin tufkar bai cika kauce wa nanomita 2 ba. In aka sa T ta fuskanci T, ƙanana biyu ne suka haɗu. Riƙon da suke yi wa juna mai rauni ne, kuma akwai ɗan gurbi a tsakaninsu.

Gurbin nan zaiba ke shiga. Kowace T tana da naitirojin a matsayi na uku na zobenta, ana ce masa N3, yana ɗauke da furoton guda. A pH 7, wato ruwan da ba tsami ba kanwa, furoton ɗin ba ya sakuwa da kansa, don sai pH ya kai wajen 10 kafin rabin T su sake shi. Amma Hg2+, wato ayon na zaiba, yana da tsananin kwaɗayin naitirojin, har yakan ture furoton biyun, ɗaya daga kowane gefe, ya zauna tsakaninsu a miƙe sambal, tsawon kowane ɗauri kusan nanomita 0.2. Zaibar ta zo da caji biyu na fositif, T biyun da suka rasa furoton sun zo da biyu na negatif, don haka haɗin T-Hg-T ba shi da caji ko kaɗan.

Maganar tsohuwa ce. Sidney Katz ya lura tun 1952 cewa gishirin zaiba yana sauya kaurin ruwan DNA, a 1963 kuma ya kawo shawarar wannan tsari. Tabbacin ne ya daɗe bai zo ba. A 2006 tawagar Akira Ono ta Jami'ar Kanagawa a Japan ta nuna shi a gajerun zaruruwa da aka harhaɗa a ɗakin bincike, a 2007 na'urar NMR, mai binciken tsarin sinadarai da maganaɗisu, ta kama alamar naitirojin biyun suna jin juna ta cikin zaibar, a 2014 aka ga tsarin a kiristal. Azurfa ma tana da nata gurbin. A 2008 tawagar Ono ta nuna Ag+, wato ayon na azurfa, yana zama tsakanin C da C. Bambancin shi ne N3 na C ba shi da furoton a pH 7, babu abin da za a ture, don haka haɗin C-Ag-C yana riƙe da caji ɗaya na fositif.

Tambaya: Malamai, ina shirin aikin digiri na biyu kuma ina so in gwada T-Hg-T da hannuna. Muna da na'urar awon haske mai ɗumama samfuri. Ta ina zan fara?

Amsa: Na'urar da kake da ita ta isa. Abin da za ka auna shi ne zafin rabuwa, wanda ake rubutawa Tm, wato zafin da rabin tufkar ta warware zuwa zare ɗai-ɗai. In zare ya rabu, hasken da yake sha mai tsawon zango nanomita 260 yakan ƙaru, tsakiyar wannan hawan kuwa ita ce Tm.

Ka yi odar zare biyu masu haruffa 12 zuwa 15, a ajiye T mai fuskantar T a tsakiya. Kada ka kai ta baki, domin bakin tufka kullum buɗewa yake yana rufewa, ƙarin ƙarfin da zaiba za ta kawo a can ba zai fito sosai ba. Ka narka zaruruwan a tataccen ruwa zalla, ba a ruwan TE da aka saba ajiye DNA a ciki ba, saboda EDTA ɗin da ke cikinsa aikinsa ke nan kama ƙarfe. Ka auna yawan kowane zare da kanka a 260, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a jikin kwalba, sannan ka daidaita kowanne zuwa maikuromola 100.

Ruwan gwajin da aka fi amfani da shi MOPS ne, sinadari mai hana pH sauyawa, milimola 10, pH 7.0, da NaClO4 ko NaNO3 milimola 100. A 'yar kwalbar awo ta kwaz mai faɗin santimita 1 da ke cin mililita 1, maikurolita 20 na kowane zare zai ba ka tufka maikuromola 2. Ka haɗa ruwan Hg(ClO4)2 ko Hg(NO3)2 na maikuromola 100, shi ma maikurolita 20 ɗinsa ya zama zaiba ɗaya ga kowane gurbi. Wannan tsinkakken ruwan a ranar aikin ake haɗa shi, daga mai kauri da aka ajiye da ɗan asid, domin zaiba in ta yi ƙaranci a ruwa takan manne a jikin kwalba, a ruwan da ba tsami kuma takan koma haidurokasaid.

Ka ɗumama samfurin zuwa 90 °C na minti 5, ka bar shi ya huce a hankali, awa ɗaya ko biyu. Daga nan ka auna daga 10 °C zuwa 85 °C, hawan rabin digiri a minti. Ka toshe kwalbar da kyau don kada ruwa ya ƙafe, ka hura busasshen iskar naitirojin a ɗakin samfurin lokacin da yake da sanyi, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a jikin kwalba ta ɓata maka farkon layin. Ka auna hawa, ka auna sauka. In layukan biyu ba su hau kan juna ba, ka yi sauri da yawa. Ƙarin da za ka sa rai da shi daga gurbi ɗaya 'yan digiri ne zuwa wajen 10, gwargwadon haruffan da ke maƙwabtaka da gurbin.

To, a nan gizo ke saƙa: hawan Tm shi kaɗai ba hujja ba ce. Ƙashin bayan DNA cike yake da cajin negatif na fosfet, kusan duk wani ayon mai fositif zai iya ɗan ƙara masa ƙarfi. Dole ka haɗa tufkar kwatance wadda aka sa A a gurbin T ɗaya, ka zuba mata zaiba daidai wancan adadin. In ita ma ta hau kamar ta farkon, ba gurbin zaibar ta shiga ba. Ka gwada wasu ƙarafan, irin su Zn2+ da Mg2+, ka ga ba su yi abin da zaiba ta yi ba. A ƙarshe ka zuba sistin, wanda ke fizge zaiba, ka ga Tm ya koma inda ya fito.

Sai maganar ƙara zaibar kaɗan-kaɗan, rabi, ɗaya, ɗaya da rabi, biyu ga kowane gurbi. Ɗalibai da yawa sukan sa ran hawan zai tsaya cak a ɗaya, in bai tsaya ba su ce gwajin ya lalace. Lissafi ya nuna ba lallai ba ne. Ma'aunin ƙarfin riƙon da aka samu wa wannan haɗin wajen miliyan 1 ne ga kowace mola. Da wannan adadi, tufka maikuromola 2 da zaiba maikuromola 2, rabin guraben kawai za su cika. In ka ninka zaibar, kashi 72 cikin 100. In kuwa ka kai tufkar da zaibar duka maikuromola 20, kashi 80 za su cika. Wanda ke son ganin tsayawa mai kaifi sai ya ƙara kaurin samfurin ya koma kwalba mai gajeren faɗi. Abin da ba ma so ka yi shi ne ambaliyar zaiba, domin rarar takan kama N3 na sauran T da naitirojin na G, ta fara warware ingantattun haɗe-haɗen.

Gishirin zaiba guba ne mai ratsa fata, mai lahani ga ƙoda. Safar hannu, tabarau da akwatin zuƙe iska wajibi ne lokacin auna garin, kuma duk abin da ya taɓa shi, har tsinken fifet, kwandon shara na daban yake shiga. Ba a zuba shi a magudana. Fakuloret, wato gishiri mai ClO4, kuma mai rura wuta ne, kada a bar shi ya bushe tare da takarda ko wani sinadari mai ci.

Tambaya: Na gwada C-Ag-C sau da dama, Tm bai motsa ba. Ruwan fosfet nake amfani da shi da NaCl milimola 100. Da na ƙara azurfar da yawa sai ruwan ya yi hazo, washegari ya yi toka-toka. Zaren ne ba shi da kyau?

Amsa: Ɗan'uwa, da wuya laifin zaren ne. Azurfar ce ba ta isa gare shi ba. Hazon da ka gani AgCl ne. Ma'aunin narkewarsa kusan 1.8 × 10^-10 ne, ka raba shi da kuloraid mola 0.1, za ka ga Ag+ da ya rage a sake bai wuce nanomola 2 ba, wato kashi ɗaya cikin 1000 na abin da tufka mai maikuromola 2 take buƙata. Fosfet ma ba ya ƙyale azurfa, yakan kwantar da ita a matsayin Ag3PO4 mai launin rawaya. Tokar washegari kuwa aikin haske ne, shi ya mayar da AgCl ƙarfen azurfa.

Ka koma MOPS da NaNO3 ko NaClO4, sannan ka bi sawun kuloraid a wuraren da ba a zato. Ana gyara pH ɗin MOPS da NaOH. In ka zarce, da asid na naitirik za ka dawo, ba HCl ba. Sandar awon pH kanta tana tsiyayar da KCl ta ɗan ramin da ke gefenta, saboda haka ka ɗebi kaɗan daga ruwan ka auna a gefe ka zubar, kada ka tsoma ta a babbar kwalbar. Tris, wani mai hana pH sauyawa, bai dace ba, domin da HCl ake gyara shi, naitirojin ɗinsa yana kama ƙarfe, pH ɗinsa kuma yana sauka da kusan 0.03 a duk digiri ɗaya, ninki biyu na MOPS. Wannan na ƙarshen ya shafi C musamman, don in ruwa ya yi tsami N3 ɗinta yakan ɗauki furoton, ya toshe mazaunin azurfar. DTT, wanda ake sa wa ruwan inzayim, da duk wani sinadari mai farar wuta a jikinsa a nisanta su. Ruwan AgNO3 a baƙar kwalba ake ajiye shi, ko a naɗe kwalbar da takardar alminiyam.

In za ka duba siffar tufkar da na'urar CD, ka zaɓi fakuloret, saboda naitiret yana shanye haske sosai ƙasa da nanomita 240. Sai dai kada fotasiyam ya shiga, KClO4 ba ya narkewa da kyau. Wajen mayar da gwajin baya kuma kada ka dogara da EDTA, riƙon da yake yi wa azurfa mai rauni ne. Sistin ko ɗan kuloraid ya fi.

Tambaya: T da C ai haruffa ne na asali. Ina haruffan ƙirƙira da ake magana a kansu? Kuma yaya ake sa su a zare?

Amsa: Na ƙirƙira su ne inda aka cire harafin gaba ɗaya, aka ɗaura wa sukarin wani mariƙin ƙarfe a madadinsa. Kentaro Tanaka da Mitsuhiko Shionoya sun fitar da irin wannan tubali a 1999. A 2000 Eric Meggers da abokan aikinsa a cibiyar Scripps ta Amurka suka sa na farko a cikin tufka, inda Cu2+, wato ayon na jan ƙarfe, ya haɗa mariƙi mai hannu uku da mai hannu ɗaya.

Sharaɗin da ya fi kowanne shi ne siffa. Tazarar da ke tsakanin haɗi da haɗi a tufka nanomita 0.34 ce kacal, don haka abin da zai shiga sai ya zama shimfiɗaɗɗe. Zaiba da azurfa suna son ɗauri biyu a miƙe, jan ƙarfe yana son huɗu a shimfiɗe, duka sun dace. Mariƙin Shionoya mai suna haidurokisifiridon, ana taƙaita shi da H, yana ba jan ƙarfe ƙwayoyin oksijin biyu daga kowane gefe, haɗin H-Cu-H ɗaya ya ƙara Tm da wajen digiri 13. A 2003 suka jera guda biyar a tufka ɗaya, tazarar jan ƙarfe da jan ƙarfe nanomita 0.37, maganaɗisun biyar ɗin kuma suka fuskanci gefe guda.

Mariƙin da ya fi burge mu shi ne mai suna salen, na Guido Clever da Thomas Carell a Jamus, 2005. Nan ba ƙarfe kaɗai ke ɗaurin ba. Ana zuba etilindayamin, ya gina gada tsakanin mariƙan biyu. Gadar ita kaɗai ruwa yana warware ta, amma da jan ƙarfe ya zauna sai ya kulle ta, Tm ya hau da fiye da digiri 40. A 2006 tawagar Shionoya da ta Carell suka haɗu suka jera jan ƙarfe da zaiba a tufka ɗaya bisa tsarin da suka zaɓa, kowane ƙarfe ya nemi gurbinsa. Jens Müller kuma, shi ma a Jamus, ya yi aiki da imidazol da azurfa. Zarensa in ba azurfa lanƙwashewa yake ya kama kansa, in an zuba ta sai ya miƙe ya haɗu da ɗan'uwansa, an kuma fitar da tsarin da NMR a 2010.

Sa su a zare da injin harhaɗa DNA ake yi, harafi bayan harafi, kowanne da zagaye mai mataki huɗu: cire murfin DMT da asid, ɗaura sabon tubali, toshe waɗanda suka ƙi ɗauruwa, sai ƙarfafa fosfet da aidin. Matsalar tana wajen ɗaurawa. Tubalan asali suna ɗauruwa da kusan kashi 99, zare mai haruffa 20 ya fito da wajen kashi 83. Na ƙirƙira in ya tsaya a kashi 90 kuma kana son biyar, abin da zai fito cikakke kusan rabi ne. Maganinsa a tsawaita lokacin ɗaurawa zuwa minti 10 ko 15, a busar da tubalin sosai, a tabbata asitonaitiril ɗin ba danshi. Hannayen mariƙin ma sai an rufe su da abin da zai jure asid da aidin amma ya fita a ruwan amoniya na ƙarshe. Bayan nan a tace da HPLC, na'ura mai rarrabe sinadarai, a tabbatar da nauyin zaren a na'urar awon nauyin ƙwayoyi. Abin da ake yawan mantawa shi ne sabon tubalin ba ya shan haske a 260 kamar na asali. In ba a auna nasa an sa a lissafi ba, yawan zaren zai fito ba daidai ba, adadin ƙarfen da za a zuba shi ma ya bi shi.

Tambaya: Tunda T tana kama zaiba haka, ba za a yi abin gwajin ruwan sha da ita ba?

Amsa: An yi, tun 2004. Ono da Togashi sun haɗa zare mai yawan T, bakinsa ɗaya da sinadari mai ƙyalli, ɗayan da mai kashe ƙyalli. Zaiba na shiga sai zaren ya naɗe, bakunan su haɗu, ƙyallin ya dushe. A 2007 tawagar Chad Mirkin a Amurka ta yi nata da ƙananan ƙwayoyin zinare masu sauya launi tsakanin ja da shunayya.

Ga ma'aunin da za a cimma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikurogiram 6 a lita, wato kusan nanomola 30. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa 2, kusan nanomola 10. Samun wannan a tataccen ruwa abu ne mai yiwuwa. Ruwan rijiya ko na kogi kuwa yana ɗauke da kuloraid da ruɓaɓɓen ganye masu riƙe zaiba, wani lokaci da inzayim masu yanka DNA, duk suna sa awon ya nuna ƙasa da gaskiya, kuma wannan shi ne kuskure mafi haɗari. Dole a raba samfurin biyu, a ƙara wa ɗaya sanannen adadin zaiba, a ga ko awon ya gano shi duka. Sannan zaibar da ke taruwa a jikin kifi mai metil ce, hannu ɗaya ya rage mata, ba ta iya ɗaure T biyu. Shawararmu, a ɗauki irin wannan gwaji a matsayin tantancewar farko, hukunci kan ko ruwa ya shawu a bar wa ɗakin bincike mai na'urar ICP-MS ko ta awon tururin zaiba.

Tambaya: Gaskiya ne za a yi wayar lantarki da wannan DNA? Kuma zai yi aiki a jikin mai rai?

Amsa: Maganar waya tana da tushe, amma ana zuzuta ta. A 2011 an maƙala gajeriyar tufka mai gurbin H tsakanin bakunan bututun kabon biyu, wutar da ke ratsawa ta ƙaru da aka sa jan ƙarfe, ta ragu da EDTA ya cire shi, aka kuma maimaita. A 2017 Jiro Kondo da abokan aikinsa suka sami kiristal na zare mai haruffa 12 wanda azurfa ta jeru a tsakiyarsa ba yankewa. Sai dai waɗannan ayon ne, ba ƙarfen azurfa ba, tazararsu ta haura nanomita 0.3, alhali a ƙarfen 0.289 ce. Jeruwa a kiristal kuma ba ita ce awon wuta ba. Mu a ganinmu amfanin da ya fi kusa shi ne makunni, wato zaren DNA mai aikin inzayim wanda ba ya tashi sai an zuba jan ƙarfe, a cire ya tsaya.

A cikin kwalbar gwaji inzayim mai kwafar DNA yana karɓar wasu daga cikin haɗe-haɗen. A 2010 an nuna yana sa T gaban T in akwai zaiba, a 2011 tawagar Carell ta kwafi salen har da PCR, hanyar ninninka DNA a kwalbar gwaji. Mai son gwada wannan ya duba ruwan da ke zuwa tare da inzayim ɗin, galibi akwai DTT da KCl a ciki, zaiba mai yawa kuma takan kama sistin na inzayim ɗin kansa ta kashe shi.

Cikin ƙwayar halitta mai rai lamarin ya fi wuya. Akwai wani sinadari mai suna gulutatayon a matakin milimola, ninki ɗaruruwa zuwa dubbai na ƙarfen da ake zubawa a gwaji, farar wutar da ke jikinsa kuma ta fi N3 riƙon zaiba da azurfa. Ƙarin haruffan da tawagar Floyd Romesberg ta sa ƙwayar cutar E. coli ta kwafa a 2014 babu ƙarfe a cikinsu, dacewar siffa da ƙin ruwa ne ke riƙe su.